Aikinmu na busar da gidajen da ruwa ya ci

Idan ruwa ya shiga gida, musamman ɗakin ƙarƙashin ƙasa, mu ake kira. Ko dai ruwan sama ya fi ƙarfin kwata ya dawo cikin gida, ko bututu ya fashe cikin dare mutanen gida na barci, ko kuma masai ya toshe ya dawo da ƙazanta ta ƙasan banɗaki. Kamfanin namu ba wani babba ba ne, ni ne da yarana da motar kaya, amma duk wata na'ura da ke cikin motar nan ni na zaɓe ta da hannuna kuma na san halinta.

Da mutum ya bugo waya a ruɗe, abu na farko da nake faɗa masa shi ne dan Allah ranka ya daɗe kar kowa ya taka ruwan nan sai an kashe wuta daga babban makunni, in kuma makunnin yana can ƙasa inda ruwan yake to a bar shi, a kira masu wuta su yanke daga waje. Janareto kuma kar a kuskura a shigo da shi ɗaki don a kunna famfo, hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum a rufaffen wuri kafin ya ankara.

Zuƙe ruwan ma da kowa ke ganin wasa ne akwai ilimi a ciki. Idan ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya cika sosai kuma ƙasar da ke kewaye da ginin ta sha ruwa ta ƙoshi, ruwan da ke ciki shi ke tokare bangon, na waje yana turowa na ciki yana riƙewa. Ka zuƙe na cikin gaba ɗaya lokaci guda, sai ka bar bango shi kaɗai da nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga shi ruwa mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan guda ne cur, nan da nan bango ya tsage ko ya turo ciki. Shi ya sa a irin wannan yanayi muke rage kamar kashi ɗaya cikin uku a rana, mu sa alama a bango, mu dawo mu duba ko ruwan ya sake hawa. Mai gida yana tsaye a kanka yana cewa malam ai famfon naka na da ƙarfi, me ya sa ka kashe? Sai na zaunar da shi na yi masa bayani, mafi yawansu suna ganewa.

To a nan ne fa 'yan sha-yanzu-magani-yanzu suke ɓata mana sana'a. Mutum ya sayi famfo ɗaya da tiyo da bokiti biyu, ya buga lambarsa a jikin mota, shikenan ya zama gwani. Ya zo ya zuƙe ruwa cikin awa biyu, ya goge tayil yana ƙyalli, ya fesa turare, washegari ya kawo mai fenti a shafe bango. Kuɗinsa rabin namu, ba mamaki, ai bai yi rabin aikin ba ma. Bayan 'yan makonni fenti ya fara kumbura yana ɓarewa, wani farin gari ya feso a jikin bulo, wari ya cika gida, yara su fara tari, sannan a neme mu. Wallahi abun na min ciwo, domin mai gidan ya biya sau biyu kuma kayan da da farko za a iya ceto su yanzu sai dai bola.

Ruwan da ido ke gani shi ne mai sauƙi. Bulo da fulasta da katako suna tsotse ruwa yana hawa sama cikin jikinsu, ya wuce inda layin ambaliyar ya tsaya, ya kuma shige ƙarƙashin tayil da bayan kabad. Fumfuna kuwa ba ta jira, cikin awa 24 zuwa 48 take fara kama abun da ya jiƙe in ba a busar ba. Duk gudun da kuka ga muna yi a ranar farko saboda wannan ne.

Maigidan da ya koya min aikin nan, Allah ya saka masa da alheri, mutum ne mara yawan magana. Ina yaro sabon shiga ya kan sa ni na dafa bango da bayan hannu ya ce ya bushe? In ce ya bushe maigida. Sai ya ɗauko mitar auna danshi ya soka 'yan alluranta a katakon gindin bango ya juyo min da fuskarta ba tare da ya ce uffan ba, allurar ta tafi can cikin ja. A wajensa na koyi ƙwanƙwasa tayil da ƙotar sukudireba ina saurare, wanda ya saki daga siminti ƙararsa daban take, holoƙo, kuma sau da yawa ruwa na kwance a ƙarƙashinsa. Shi ya koya min shiga ɗaki na tsaya na shaƙi iska kafin na taɓa komai, warin ruwan bututu daban, warin ruwan kwata daban. Kuma bai taɓa barin na naɗe waya a hargitse ba, ko dare ya yi sai an goge kowace fanka an jera ta a mota. Har yau haka nake wa yarana, suna gunaguni ina ji.

Maganar wari ta kawo ni kan nau'in ruwa, a wajenmu kashi uku ne. Akwai mai tsabta na bututun famfo, akwai mai ɗan datti kamar na injin wanki, akwai baƙin ruwa na masai ko na ambaliyar titi. Kuma mai tsabtan ma in ya kwana biyu a kwance ya tashi daga mai tsabta. Idan baƙin ruwa ne, duk abun da ke shan ruwa, kafet da katifa da kujerun soso da allon jifsam da ake rufe bango da shi, fita za su yi, babu wankin da zai kai cikinsu. Nan ake rigima. Wata baiwar Allah ta riƙe kafet ɗinta ta ce ɗana wannan sabo ne fa, a shanya a rana mana. Na ce Hajiya ki yi haƙuri, jikokinki a kansa za su yi rarrafe. Ta yi shiru, can ta ce a fitar. Allon bango kuma muna yanke shi sama da layin ruwa da kamar santimita 30 zuwa 60, a miƙe da layi ɗaya, don mai gyara ya samu sauƙin mayarwa, su kuwa 'yan sha-yanzu-magani-yanzu da guduma suke farfasawa in ma sun cire.

Sai busarwa, inda nake alfahari da aikinmu. Fanka kaɗai ba ta isa ba, ita tana tayar da danshi ne daga jikin bango zuwa iska, in babu na'urar tsotse danshi da za ta kama shi ta mayar da shi ruwa ta zubar waje, to yawo kawai yake yi daga wannan bango zuwa wancan har ya kai silin. Jera su ma gwaninta ce, kowace fanka a karkace take kallon bango, duk suna tura iska ɓangare guda tana zagaya ɗakin, ƙofofi a rufe in iskar waje ta fi ta ciki laima. Kullum muna zuwa mu auna a wurare iri ɗaya mu rubuta, mu gwada da wani bango na gidan da ruwa bai taɓa ba, laimar ɗakin kuma muna so ta sauka ƙasa da kashi 60 cikin 100 ta zauna a nan. Kankare ba ya sauri, wani lokaci sai an yi makonni kafin a yarda a sa fenti ko a shimfiɗa wani abu a kai.

Kwastoma kuma sai ya ce a rage kwanakin na'ura a rage masa kuɗi, wani ma ya kashe su da dare saboda ƙara, mu zo da safe mita ta tona asiri. Ragi a kan kuɗin hannu ina iya yi, amma na ɗauke na'ura bango bai bushe ba, wannan kam a nemi wani.

Kafin mu tafi sai mun nemo ta inda ruwan ya shigo. A birni ko'ina an malale da siminti da kwalta, ruwan sama ba shi da inda zai nutse sai ya bi gangare, in gangaren gidanka ya kalla to kai ne. Sau da yawa indararo ne ke zuba a gindin bango, ko ƙasar tsakar gida ta karkato wajen gini, ko wata tsaga da aka lulluɓe da fenti. Wani gidan sai an haƙa rami a kusurwa an sa famfo mai tashi da kansa, da batir saboda ranar da hadari zai ɗauke wuta, wani kuma bawul ake sawa a bututun masai mai barin ruwa ya fita ya hana shi dawowa. Muna nuna wa mai gida da yatsa, mu ba shi takardar awon da muka yi tun daga ranar farko tare da hotunan kayan da suka lalace kafin a zubar, in yana da inshora za su tambaye shi su.