Shirin da kowa ya yaba

Da rediyo na tashi. A ƙauyenmu na kudancin Katsina, cikin Maguzawan da suka karɓi Kiristanci tun zamanin kakana, mahaifina yakan kama Muryar Bishara da yamma, mu yara mu kewaye shi a tabarma. A Jos ake haɗa shirye-shiryen, a watsa su daga tashar Adis Ababa da aka buɗe a 1963, har sojojin Habasha suka ƙwace ta a 1977. Saboda haka da aikin gyaran na'urori ya kai ni Khartum a farkon 2021, na ji Hausa tana tashi a kasuwannin Umdurman, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne in yi maganar bishara a saurara.

Hausawan Sudan ba baƙin jiya ba ne. Wasu jikokin alhazan da suka tako da ƙafa ne, guzuri ya ƙare musu a hanya suka zauna. Wasu kakanninsu sun biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Kusan dukkansu Musulmi ne, na gaske kuwa. Da yawa da Larabci suka yi karatu, boko bai zauna musu ba, don haka takarda ba za ta yi ba. Ni da abokan aikina biyu muka tsaya a kan murya: minti 5 zuwa 7, a tura ta WhatsApp ga wanda ya nema. A Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke hukuncin kisa kan ridda, amma doka daban, dangi daban. Ba mu taɓa jefa shiri cikin wani zaure ba tare da izini ba.

Mu uku ne, a wani ɗaki da muka toshe tagarsa da katifa saboda ƙarar raksha, wato keke napep ɗinsu, da janareton maƙwabta. Shirye-shirye 12 na farko ni na rubuta su, kuma tsoro ne ya riƙe mini alƙalami. Na yi maganar haihuwar Isa Almasihu daga budurwa Maryamu, da warkar da kutare da makafi, da tausayinsa ga matalauta. Duk inda labari ya doshi gicciye sai in kauce, ina ce wa kaina sai an saba tukuna.

Kowa ya yaba. Ni kuwa kai ya kumbura.

Akwai wani dattijo mai agashe, tsiren nan nasu mai ƙuli da yaji, ɗan asalin Gadarif, wanda nake zama wurinsa bayan magariba. Tun ranar farko na gaya masa ni Kirista ne, ya ce naman bai san wannan ba. Wata rana na miƙa masa waya. Ya saurari shiri uku a jere yana juya tsinke a kan garwashi, sai ya goge hannu a gefen jallabiya ya miƙo mini.

"Ɗana, muryarka da daɗi. Amma duk wannan tun ina allo na san shi. Annabi Isa ne, amincin Allah ya tabbata a gare shi. To mene ne naku?"

Na ce, "Baba, ai a hankali ake bi."

Ya ce, "In abin da ke cikin buhun bai kai a nuna ba, me ya sa ka ɗauko shi tun daga Najeriya?"

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na buɗe 1 Korintiyawa 15, inda Bulus ya faɗi abin da ya ɗauka mafi muhimmanci: Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku. Na bi rubutuna 12 ɗaya bayan ɗaya, babu ko guda daga cikin ukun. Na san dalili sarai. Suratun Nisa'i, aya ta 157, ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Nan hanya ta rabu, ni kuma na tsaya kafin mararraba ina kiran abin hikima. A ganina yanzu raini ne: na ɗauka mutumin ba zai iya jin saɓani ya ci gaba da zama da ni ba.

Da muka sake rubutu, sai na ga gicciye ba ya tsayuwa shi kaɗai. A da in na ce zunubi sai in lissafa sata da zina da giya, mai sauraron da bai taɓa ko ɗaya ba kuwa ya ga maganar ta wuce shi. Dole muka koma Farawa 3, mu nuna zunubi a matsayin juya wa Allah baya daga cikin zuciya, abin da tarin aikin lada ba ya gogewa bisa ga koyarwarmu. Daga nan ragon da ya fanshi ɗan Ibrahim ya ba mu ƙofa, don babu gidan da bai san layya ba, sannan Ishaya 53, sannan Yahaya 1:29, inda aka kira Yesu Ɗan Rago na Allah. Muka kuma daina rufe shiri a kan kabari. In an faɗi mutuwa, a faɗi tashi a shirin nan, domin mai yiwuwa shi kaɗai mutum zai ji.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kalmar Ɗan Allah. (A waya mai ƙaramar murya ma har ya yi kama da "dan Allah" na roƙo, wani ya taɓa tambayata me nake roƙo haka.) Kunnen da ya tashi da Ƙulhuwallahu yana jin kalmar kamar an ce Allah ya yi aure ya haihu, abin da mu ma muke ɗauka saɓo. Na yi dabara na ce ai kamar ɗan gari ne ko ɗan hanya, ba haihuwa ta jiki ba. Abokin aikina, wanda ya yi makarantar tauhidi, ya tsayar da na'ura. Ya ce rabin farko daidai ne, amma in na tsaya nan na mai da shi laƙabi kawai, alhali tun taron Nikiya na 325 Ikilisiya take shaida cewa shi ba halitta ba ne, Kalman Allah ne tun fil azal, wanda ya zama mutum. Sau 9 muka ɗauki shirin nan. Ba mu cire kalmar ba, ba mu kuma bar ta babu bayani ba.

Sauran ƙa'idojin ba su ɗauke mu lokaci ba. Kowane shiri ya fara da cewa mu Kirista ne. Ba zagin addinin kowa. Ba alkawarin kuɗi ko biza ko waraka. Kiran tuba da bangaskiya a yi shi sau ɗaya, a sarari, ba da kiɗan da zai sa mutum kuka ba.

Masu nema suka ragu, wasu suka toshe lambarmu, biyu suka turo zagi. Waɗanda suka rage kuwa suka fara aiko tambayoyi masu nauyi, irin waɗanda shirye-shiryen farko ba su taɓa jawowa ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tashe mu, kwamfutar da komai yake ciki tana can a ɗakin mai katifa. Amma kafin nan, cikin sanyin Janairu, na kai wa Baba mai agashe sabon shirin gicciye. Ya saurara har ƙarshe, bai juya nama ba, har tsinke biyu suka ƙone.

"Ban yarda ba," ya ce. "Amma yau na ji naku. Gobe ka zo da wuri, akwai abin da zan tambaye ka a kan rana ta ukun nan."

Ya ware ƙonannun gefe, ya ce waɗannan ni zan biya.