Wata biyar da na yi da kiɗan ƙarshe na Shostakovich

Shekara shida ina koyon biyola, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu wanda ya ɗan fi bayolin girma da kaurin murya, kafin malamata ta yarda in taɓa sonata, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi, wadda marubucin kiɗa ɗan Rasha Dmitri Shostakovich ya tsara don biyola da fiyano. Ita ce abu na ƙarshe da ya rubuta. Ya kammala ta a watan Yulin 1975, ya rasu ranar 9 ga Agusta. Makaɗin biyola Fyodor Druzhinin, wanda aka sadaukar masa da ita, shi ya fara kaɗa ta a bainar jama'a a birnin Leningrad na Rasha a watan Oktoba, mai ita yana ƙasa.

Wannan labarin ne ya ɓatar da ni. Na sa a raina cewa kiɗan makoki ne, sai na riƙa danna sandar gogawa ina girgiza yatsa a kan kowane sauti, kamar mai kukan mutuwa. Kashi na farko ma, da ke buɗewa da tsinkar tsirkiya da yatsa a hankali, sai da na cika shi da nauyi. Abokiyar aikina mai fiyano ta yi ta haƙuri da ni har mako uku, ran nan ta ɗaga hannu ta ce, "'Yar'uwa, ba kya jina ko kaɗan." Gaskiya ta faɗa. Kaina kawai nake saurare.

Kashi na uku ya fi ba ni wuya, shi ne mafi tsawo kuma mafi sanyin tafiya. A ciki ana jin inuwar sonatar Beethoven, marubucin kiɗa Bajamushe, da ake kira ta hasken wata. Malama ta tsayar da ni tun a layi na biyu, ta gaya mini cewa Shostakovich da kansa ya shaida wa Druzhinin wannan kashi na tunawa da Beethoven ne, amma kiɗa ne mai haske, garau. Ta sa na rage ƙaron da nake shafa wa sandar, na sassauta babban yatsa, na yi mako guda ina jan sauti ɗaya tak ina ƙirga numfashi. Na ji haushi a lokacin, don gani nake an mayar da ni aji ɗaya.

A nan na gane cewa in na yi sanyi, fiyano na samun wurin magana, kuma baƙin cikin yana fitowa da kansa ba sai na tura shi ba.

Ranar da muka kaɗa ta gaban mutane, kusan rabin awa, hannuna na rawa daga farko. Da muka zo sautin ƙarshe, mai tsawon nan da ake so ya dushe a hankali, sandar ta kusa ƙare mini, saura kamar faɗin yatsa biyu. Na dubi abokiyata, ta jinkirta hannunta kaɗan, muka sauka tare.