Doki 40 a gindin tsohon jirgi

Jiya bayan la'asar ɗan ƙanina ya same ni a ƙofar gida a Fagge, yana ta cusa mini waya a ido. Wai inji ya gani mai ƙarfin doki 40, na hannu, zai ɗaura wa jirgin da mahaifinsa ya bar masa a dam ɗin Tiga. Jirgin katako, wanda ya girme shi! Na ce, "Kai yaro, zauna."

Ni ma na taɓa yin irin wannan kuskuren. Ina da ƙaramin jirgi da masunta ke fita da shi, inji mai doki 15, kifi na iso mini har kasuwar Galadima lafiya lau. Sai na ga na maƙwabci yana wuce nawa kamar a tsaye yake. Raina ya ɓaci. Ko da yake ba son burga kaɗai ba ne, wanda ya riga kai kifi gaɓa shi ke sayarwa da daraja, ina kuma da bakuna takwas a gida. To amma burgar ma akwai ta.

Na sayar da akuyoyin uwargida na cika kuɗin babban inji. Sabon injin ya kusa ninka tsohon a nauyi. Gindin jirgi ya nutse, hanci ya ɗaga sama, da an rage gudu ruwa ya biyo ta baya. Ƙafar injin doguwa ce, ta jirgi mai tudun baya, farfela ta yi zurfi tana ta kwasar ciyawa. Katakon baya kuwa ya riga ya ci ruwa, girgiza ta sassauta ƙusoshi, wata safiya ya tsage. Allah ya tsare, kusa da gaɓa ne. Akuyoyin dai har yau ana yi mini gorinsu.

Na so in jero wa yaron abubuwa goma, biyu suka fito. Soka wuƙa a katakon bayan nan, in ta shige, manta da inji, kira kafinta. Sannan lissafa fetur da baƙin man da za ka haɗa, tun da aka cire tallafi a 2023 babban inji ba abokin talaka ba ne.

Kada ka saya. In kuma zuciya ta ƙi, tsaya a doki 25, ka sa rigunan ruwa a ciki. Ko da yake a shekarunka ni ma da ban saurara ba.

Ina magana yana danna waya. "Baba, ai na riga na ba da kafin alƙalami," in ji shi.