Tarihin Rayuwata, Fitowa ta 14: Akwatin da Ba Shi da Kwanan Wata

Makon jiya na tsaya a inda aka damƙa mini makullan ɗakin firiza. Farkon 2016 ke nan. Umarnin da ya zo gajere ne: a ƙirga duk abin da ke cikin sanyi, a ware wanda zai iya ɗauke da ƙwayar cutar shan inna.

Ni dai dariya na yi. Mu da aikinmu binciken gudawar yara ne, ina ruwanmu da shan inna? Sai da shugabar sashenmu ta zaunar da ni. Ta ce yaron da aka ɗiga wa rigakafi a baki yakan yi makonni yana fitar da ƙwayar a bayan gidansa, waɗanda suka kamu da cutar kuma galibinsu ko zazzaɓi ba sa yi. In kika ɗebi bayan gidan don neman wata cuta daban, kika ajiye a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, ƙwayar na nan kwance da ranta ko bayan shekara 20. Haka majina, haka ruwan kwata.

Kuma lokacin ya matse. A Satumban 2015 aka ayyana kawar da nau'i na 2 na ƙwayar shan inna ta daji, wato wadda ba daga rigakafi ta fito ba, wanda rabon da a gan shi tun 1999 a Indiya. A Afrilun 2016 za a cire nau'in daga ɗigon rigakafi a duniya baki ɗaya. Yaran da za a haifa bayan nan, hanjinsu bai san shi ba, don haka in ya kuɓuce daga firiza zai iya yaɗuwa a cikinsu.

Sati shida na yi a ɗakin nan. Safar hannu biyu, duk da haka yatsuna kan sandare. In kankare ƙanƙara da babban yatsa, in karanta, in rufe kafin ƙararrawar firiza ta fara kuka. Tambaya uku ce a kan kowace ƙaramar kwalba: mene ne a ciki, a ina aka ɗauka, yaushe.

Can ƙasan firiza ta huɗu na ci karo da wani akwati, kwalabe 81, tawadar duk ta jiƙe ta baje. Harafi biyu kawai ake iya gani, na sunan tsohon farfesanmu.

Na same shi a ofis, na durƙusa na gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, ko dai a lalata su, ko a miƙa su wurin da aka amince ya riƙe irinsu."

"'Yata, shekara uku na yi ina tara su. Babu shan inna a ciki."

"An gwada, ranka ya daɗe?"

Ya yi shiru. Ban ji daɗin tambayar ba, don shi ya koya mini riƙe kwalbar gwaji. Shi da bakinsa kuma ya tuno kwalaben ƙwayar agana da aka tsinta a wani ɗakin ajiya a Amurka a 2014, an manta da su tun shekarun 1950. Ya jawo durowa, ya fiddo wani tsohon littafi da bango ya yage.

"Duba. In kin ga kwanan watan, ki dawo mu yi magana. In babu, ki sa su a tukunyar tururi, digiri 121, amma kada ki kira ni in gani."

A daren na buɗe littafin. Shafi huɗu babu su a tsakiya.

Sai mako mai zuwa.