Fadar Luang Prabang da karagar da babu kowa a kanta

Duk ranar Juma'ar da na ratsa ta ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni, na ga dogarai tsaye da jajayen rigunansu, nakan tuna da wata fada da ke Luang Prabang a ƙasar Laos, can kudu maso gabashin Asiya. Faransawa ne suka fara gina ta a 1904 domin Sarki Sisavang Vong, amma yau gidan tarihi ce, inda baƙo ke cire takalmansa a ƙofa ya shiga kallon karagar da babu mai zama a kanta.

Sarautar ba ta jiya ba ce. A 1353 Fa Ngum, wanda ya girma a fadar Angkor ta Kambodiya, ya kafa daular Lan Xang, wato ƙasar giwaye miliyan. Daga baya Sarki Setthathirath ya mayar da gadon mulki Vientiane, babban birnin Laos na yau, saboda barazanar mayaƙan ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Daular ta kai ƙololuwarta a zamanin Sourigna Vongsa, wanda ya shafe fiye da shekara hamsin yana mulki, amma ya rasu bai bar magajin da kowa ya yarda da shi ba. A 1707 ƙasar ta fara tsagewa, har ta zama masarautu uku: Luang Prabang, Vientiane da Champasak. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, domin kuwa Siyam, wato Tailan ta yau, ta mayar da su duka 'yan biyan gandu, kuma da Sarki Anouvong na Vientiane ya yi tawaye, aka ƙone Vientiane ƙurmus a 1828.

Faransa ta shiga Laos a 1893, shekara shida kacal kafin ta kama Zinder. Dabarar iri ɗaya ce da wadda kakanninmu suka gani: a bar wa sarki rawani da lema, a riƙe haraji da bindiga. Mu nan an tuɓe sarki a 1906, sai a 1923 aka mayar da sarautar. Su kuwa an bar musu sarkin Luang Prabang, har bayan yaƙin duniya na biyu aka naɗa shi sarkin ƙasar baki ɗaya.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne yadda sarautar ta ƙare. Bayan 'yancin kai a 1953, jagororin ɓangarorin da suka gwabza yaƙin basasa duk 'ya'yan sarauta ne. Yarima Souvanna Phouma, mai ra'ayin 'yan ba-ruwanmu, da Yarima Souphanouvong, jagoran Pathet Lao na 'yan gurguzu, uba ɗaya ya haife su, uwa ce kowa da tasa. Bahaushe ya san abin da 'yan ubanci ke haifarwa a gidan sarauta, sai dai wannan karon manyan ƙasashen duniya ne ke tsaye a bayan kowane ɗaki. Daga 1964 zuwa 1973 Amurka ta zuba wa ƙasar bama-bamai fiye da tan miliyan biyu, kuma har yau manomi kan ci karo da wanda bai fashe ba a gonarsa.

Ranar 2 ga Disamba 1975 aka soke sarautar, aka kafa jamhuriya mai jam'iyya ɗaya tilo, Souphanouvong ya zama shugaban ƙasa, Kaysone Phomvihane kuma firaminista mai riƙe da ainihin iko. Sarki Savang Vatthana, ɗan Sisavang Vong, ya yi murabus, a 1977 aka kai shi wani sansani a lardin Houaphanh tare da matarsa da yarima mai jiran gado, kuma can ya rasu. Ko da mutum ya yarda cewa masarautar ta gaza kare talakawanta, ban ga hujjar yi wa dattijon da ya riga ya miƙa mulki irin wannan wulaƙanci ba.

Jam'iyyar nan ce dai ke mulki har yau, kuma ita ce da kanta ta koma neman tsofaffin sarakuna. A 2003 ta kafa mutum-mutumin Fa Ngum a Vientiane, a 2010 kuma na Anouvong a gaɓar kogin Mekong, yana fuskantar Tailan da hannu a miƙe. Shi kuwa sarki na ƙarshe, hukuma ba ta taɓa nuna wa jama'a kabarinsa ba.