Abin da injin lanƙwasa fayif ya koya mini kafin in bar shagon maigidana

Tun da na kwashe kayana daga shagon da na daɗe ina aiki, na dawo zauren gidanmu na kafa nawa, abokan sana'a ke tambayata wane injin lanƙwasa fayif ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya saya. Amsata ba ta yi musu daɗi, domin so suke in kama suna ɗaya su je Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari su ɗauko. Ni kuwa tambaya nake mayar musu: wane fayif za ka lanƙwasa, nawa ne faɗinsa, nawa ne kaurin jikinsa? Wanda bai san amsar ba kada ya fitar da ko sisi. Da kuɗin gumina na sayi wannan ilimin, shi ya sa nake da bakin magana.

Maigidanmu ya samu kwangilar kujerun wata makaranta, ɗaruruwa. Da can in za mu yi kusurwa sai mu yanka fayif a karkace, mu haɗa, mu yi walda, mu goge. Mai kwangilar ya ce shi ba ya son haka, lanƙwasa yake so ba tabon walda, don yara na karya kujera ne daga wurin haɗi. Gaskiyarsa. Maigida bai shawarci kowa ba, ya tafi kasuwa ya dawo da jan inji mai jak, da mazaunai shida, wato ƙarafa masu kwarmi da fayif ke kwanciya a ciki in za a lanƙwasa shi, a cikin akwati, yana ta nanata cewa tan 12 ne, ko ƙarfen jirgin ƙasa aka sa masa zai tanƙwara.

Ina ɗaga mazaunin farko na ga an rubuta rabin inci, na biyu uku bisa huɗu na inci, har zuwa inci 2. Nan gabana ya faɗi. Wannan lissafin fayif ɗin ruwa ne, kuma sunan fayif ɗin ruwa daban, faɗinsa na gaskiya daban. Wanda ake kira rabin inci, in ka auna shi ta waje milimita 21.3 ne. Na uku bisa huɗu ya kusa 27, na inci ɗaya kuwa ya haura 33. Fayif ɗin kujera da aka sauke mana milimita 25 ne ta waje, kaurin jikinsa 1.2. Babu mazauni ɗaya a akwatin nan da ya rungume shi. Na rabin inci ya yi masa kaɗan, na gaba da shi kuma yana kwance a ciki yana lilo, da sarari hagu da dama.

Na ce, "Maigida, wannan na fayif ɗin ruwa ne, ba zai ɗauki namu ba."

Ya ce, "Kai, yaushe ka zo duniya? Ina walda tun kana goye. Sa ka danna."

Na sa na danna. Irin wannan inji ba ya jan fayif, tura shi yake yi: taya biyu na riƙe da shi ta gefe, jak ɗin na tokare tsakiya. Fayif ɗin ruwa na jurewa saboda kaurin jikinsa ya ninka na kujera, har ya fi. Namu kuwa da farko ya ɗan bi, yana kaiwa wajen digiri 30 sai hannun jak ya yi sako-sako a tafina. Duk wanda ya yi aikin ya san wannan sakin, ƙarfe ya daina gardama ke nan saboda ya riga ya mutu. Na sassauta na zaro shi. Bayan gwiwar, wato wurin lanƙwasar, ya baje, cikinta ya lotse ya naɗe wuri guda, kamar ɗanyen karan dawa da aka tanƙwara a gwiwa. Dalilin a fili yake. A kowace lanƙwasa jikin waje miƙewa yake yana sirancewa, na ciki yana cunkushewa yana neman inda zai tattare, abin da ke hana bututun bajewa kawai shi ne kwarmin mazauni da ya matse shi ta gefe biyu. In akwai sarari, ƙarfen can zai gudu.

Maigida ya juya shi a hannu ya ce hannuna ne, gaggawa nake yi. Na sake a hankali, ya lotse. Ya ce ban daidaita tsakiya ba. Na ja layi da alli, ya lotse. Na roƙe shi mu tsaya haka kafin mu ƙarar da kayan mutane, ya ce ranar miƙa aiki ta matso, in ci gaba har hannuna ya faɗa. Na koma dabarar iyayenmu, na ɗura busasshen yashi a ciki, na bubbuga har ya zauna, na toshe baki biyu da katako. Ya rage ɓarnar, amma kowace kujera na da lanƙwasa da yawa, ɗurawa da zazzagewa kaɗai sun cinye yini, kuma gwiwoyin ba su fito iri ɗaya ba. Tarin fayif ɗin da ya lalace yana ta girma a bayan shago. A duk kwanakin nan, ko sau ɗaya maigida bai kama hannun jak ɗin nan ya nuna mini yadda ake yi ba.

Ƙarshenta a kan kura aka ɗora sauran fayif aka kai wani shago mai injin da ya dace, suka gama cikin 'yan kwanaki, kowace gwiwa sumul. Ranar biya maigida ya tara mu, da yaran da ni na koya wa riƙe sandar walda, ya lissafa fayif ɗin da ya lalace ɗaya bayan ɗaya, ya cire daga kuɗina. Ban ce uffan ba. Kuɗin sun yi mini ciwo, lokacin maiɗakina na da tsohon ciki, amma abin da har yau ban haɗiye ba shi ne yadda yaran suka sunkuyar da kai, domin dukkansu sun ji lokacin da na yi magana a ranar farko.

Saboda haka ga mai son kafa aiki a gida: kada yawan tan ya ruɗe ka. Mai sayarwa da tan yake talla don shi ne lamba mafi girma a jikin kwali. Siririn fayif ba ya buƙatar ƙarfi, riƙo yake buƙata. Injin da na gani a wancan shagon, wanda irinsa na tara kuɗi na mallaka, shi ne mai naɗe fayif a jikin mazauni zagayayye. Ana ɗaure bakin fayif a jikin mazaunin, wani ƙarfe mai kwarmi yana danne shi ta baya, kai kuma kana jan doguwar sanda, mazaunin na juyawa yana jan fayif ɗin tare da shi. Ko'ina a rungume yake, ba inda zai gudu. Irin ƙirar kamfanin JD2 na Amurka ke nan, akwai kuma kwaikwayonsu daga China. Ba ya cin wuta, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki a zaure. Sai dai dole a kafe shi da noti a cikin kankare, in ba haka ba kana jan sanda injin na binka.

A mazauni kuɗin yake. Kowane faɗin fayif da nasa, kowane girman gwiwa da nasa, mai kusurwa huɗu ma da nasa daban. Mutane na sayen gangar jiki da murna, sai daga baya su gane mazaunai biyu ko uku sun kai kuɗin injin. Gara ka zauna ka duba ayyukan da suka fi zuwa maka, kujera ne, gadon ƙarfe ne, rumfar adaidaita sahu ce, ka sayi mazauni ɗaya ko biyu da suka dace da su. Masu injin sassaƙa ƙarfe, a nan Kano ko a Panteka ta Kaduna, za su iya fitar maka da shi, amma ka kai musu guntun fayif ɗin da kanka su auna, kada ka aika da suna. In kuma sayen na kanti za ka yi, guntun nan ya kasance a aljihunka, a gwada a gabanka. Mai kayan da ya ƙi gwaji, ka yi masa sallama.

Girman gwiwa kuma, daga cibiyar mazauni zuwa tsakiyar fayif kada ya gaza ninki uku na faɗin fayif ɗin. Na milimita 25 yana son 75, in jikinsa siriri ne irin 1.2 ɗin nan, ni 100 nake ba shi. Matsattsiyar gwiwa irin ta salansar mota sai injin da ke zura ƙarfe a cikin bututun yana tallafe shi, wannan kuwa ba kayan zaure ba ne. Kuma gwiwa na cin tsayi: kusurwar digiri 90 na cin girman gwiwar sau 1.57, wato ta 100 za ta ci milimita 157. A lissafa kafin a yanka.

Sauran darussan gajeru ne. Ƙarfe na ɗan komawa baya in an sake shi, sai a wuce da 'yan digiri, sitenles ya fi baƙin ƙarfe wannan hali. Layin ɗinkin fayif, wato inda aka haɗe shi da walda tun a masana'anta, a juya shi gefe, kada ya faɗa bayan gwiwa ko cikinta. Kada a gasa fayif mai farin shafe, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Babban baka irin na saman get aikin inji mai taya uku ne. A shafa mai a kwarmin da ke dannewa. Abin da ka faɗa wa na gaba da kai game da kayan aiki, ka faɗe shi a gaban shaidu, ko da yake ni shaidun ba su amfane ni ba.

Jan injin yana nan a shagon. Suna lanƙwasa fayif ɗin ruwa da shi in an kawo aikin makarin bene, kuma yana yi lafiya lau, domin aikin da aka ƙera shi dominsa ke nan. Wani yaron shagon da ke zuwa wurina da yamma yana koyon lissafin gwiwa ya gaya mini cewa har yanzu, in an tuna kwangilar kujerun nan, maigida cewa yake yi ni na ɓata masa kaya.