Abin da staf ta koya mini a ɗakin gwaji

A makaranta, abu na farko da ake koya mana game da bakteriya shi ne rinin Gram, dabarar da likitan Denmark Hans Christian Gram ya fito da ita a 1884. Ka shafa samfuri a kan gilashi, ka rina, ka wanke, ka leƙa a na'urar hangen ƙwayoyin cuta. Masu kaurin bango su riƙe launin shunayya, masu siririn bango su koma ruwan hoda. Daga nan sai siffa: wasu zagayayyu ne, wasu dogaye. Staphylococcus, wadda jama'a ke kira staf, zagayayyiya ce mai shunayya, kuma cunkushe take zama kamar nonon inabi. Haka likitan tiyata Alexander Ogston ya gan ta a cikin mugunya a 1880.

Da na fara horon aiki a wani asibiti a nan Kaduna, ita na fi cin karo da ita. Ka ɗiga mata ruwan haidurojin feroksayid, in ta yi kumfa ka san ba Streptococcus ba ce, wata bakteriya mai kama da ita. Ka haɗa ta da ruwan jini, in ya daskare to aureus ce, mafi hatsari a dangin. In bai daskare ba, galibi irin su epidermidis ne, mazauna fatar kowa.

Nan ne babban darasin yake. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da aureus a hancinsa lafiya lau. Don haka ganin staf a takardar sakamako bai isa a ce mutum ba shi da lafiya ba. Sai an tambaya: daga ina aka ɗebo samfurin, wa ya ɗeba, kuma me ke damun mai shi? Fitsari ko maniyyin da aka tara ba tare da an wanke hannu da gaba ba yana iya kwaso ƙwayoyin fata. Amma aureus a cikin jini, wannan ba a kwana da shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu tallar magani da lasifika a tashoshi da bakin kasuwa suka mai da staf ta zama ciwon sanyi, suna ɗora mata rashin haihuwa da raunin namiji da motsi a jiki. Mata na zuwa da takarda a hannu, ido ya raina fata, wata ma ta fara zargin mai gidanta. Staf ba ta cikin cututtukan da likitoci ke lissafawa a na jima'i. Aikinta na gaske daban ne: maruru, ƙurajen yara, ruɓar miki bayan tiyata, ciwon ƙashi, ciwon huhu, har ta kama bawul ɗin zuciya. Tana kuma zuba guba a abincin da hannu ya taɓa aka ajiye, gubar da ɗumame ba ya kashewa, mutum ya kama amai cikin awa 1 zuwa 6.

Illar wannan ruɗani tana fitowa fili a farantin gwajin magani. A kan farantin staf Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, amma yau yawancin aureus ba ta jin sa. An kawo metisilin, a 1961 aka ba da rahoton mai bijire masa a Ingila, wato MRSA. Duk wanda ya shiga kemis ya sayi Ampiclox na kwana biyu saboda sakamakon da ba cuta ba ne, yana ba ƙwayoyin jikinsa damar sabawa da maganin ne, kuma ranar da ya buƙace shi da gaske zai iya tarar ba ya aiki.

Shi ya sa yanzu ba na miƙa robar fitsari haka kawai. Nakan tsaya in ce: "Hajiya, ki wanke hannu, ki yi tsarki da ruwa, ki bar na farko ya zuba, ki tari na tsakiya, ki kawo mana nan take." Maruru kuwa in ya girma, a kai asibiti a tsaga shi, kada a matse shi a gida, musamman wanda ya fito kusa da hanci ko leɓen sama.